Cinyar Ragon Sunan Sundus

Malam Badamasi azzalumi ne, ya mai da rawaninsa igiyar ɗaure talaka. A Harra ta Gabas, unguwar baƙi a ƙasa mai tsarki, shi ke ɗaura wa 'yan Chadi da 'yan Sudan aure, babu takarda sai shaidarsa. Shi kuma ke kai mata aikatau gidan wani attajiri da ke ɗinka masa alkyabba.

Fatna, ɗaya daga cikin matan, ta gudu daga gidan ranar da uwargida ta ɗana mata dutsen guga a hannu. Mijinta Bakri ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya, Sundus. Shaidun aurensu an daɗe da mayar da su Chadi.

Bayan la'asar Malam ya yi mata sallama.

“Ki koma ki ba su haƙuri. Biyayya ga ubangida ibada ce.”

“Allah gafarta Malam, dubi hannuna.”

“Na gani. In Juma'a ta yi ba ki koma ba, zan ce ban san aurenki da Bakri ba. Sai ki nemo wa yarinyar uba.”

Bayan kwana uku Fatna ta tafi unguwar Azizya neman maganin ƙuna wajen Munirat, Bakanuwa mai aiki a saidaliyya, wato kantin magani, ta faɗa mata komai tana waige-waige.

Munirat ta ce, “Abokiyar aikina 'yar Filifin ta ba ni labarin wani tsohon littafinsu. Turawa na mulki, fada-fadan coci na riƙe musu mutane da tsoro. Ashe muna da namu. Wa ya raɗa wa Sundus suna?”

“Shi.”

“Halas, shi ke nan! Ba wanda ya ɗauka a waya?”

Fatna ta tuna da tsohuwar wayar Bakri a ƙasan akwati.

Bayan sallar Juma'a maza suka taru cin shinkafa a gidan Baba Habu, dattijon unguwa. Malam ya gyara murya ya ce amana ta sa zai yi magana: bai taɓa ɗaura wa Fatna aure ba.

Fatna tana bayan labule. Ta kunna bidiyon ranar sunan a wayar, ta miƙa wa Baba Habu. Muryar Malam ta fito tar: “Sunanta Sundus 'yar Bakri. Ni na ɗaura auren iyayenta.” Ga shi kuma a hoton, rungume da cinyar rago.

“Malam,” in ji Baba Habu, “ka ci cinyar ka manta auren?”

Baba Habu ya janye tiren daga gaban Malam.

Tun ranar ba a sake kiran Badamasi ɗaurin aure ko suna ba. Attajirin ya daina amsa wayarsa, da shekara ta zagayo ya ƙi sabunta masa iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. An sa shi a jirgi da jaka ɗaya, ba wanda ya raka shi.