Sunan Da Ke Kan Fom

Martina na tankaɗen garin masara a ƙofar ɗakinta na haya a Samaru sai ga Gregory, yayan marigayi mijinta, ya sauko daga keke riƙe da zakara. Shekara goma sha ɗaya rabonsa da gidan nan. Ta san Gregory ba ya kyauta a banza.

Wajen ɗanta Kevin ya zo. Yaron ya gama horon sojan sama, an sa shi cikin ma'aikatan jirgi mai saukar ungulu, jibi zai wuce Maiduguri.

Gregory ya baje a kan benci ya shiga ba da shawara. Kada Kevin ya yi rawar kan sayen mota da albashin farko. Ya shiga adashen bariki, ya nisanci cacar waya. Duk tashin da suka yi ya tabbata an rubuta masa awowinsa a littafi, don ana dubawa wajen ƙarin girma, in kuma an kira kwas kada ya yi nawa. Martina ta kasa kunne daga bayan labule tana laluben ƙarya a maganar, ba ta samu ko ɗaya ba. Wannan ya fi komai tayar mata da hankali.

Irin wannan daɗin bakin ya yi wa mijinta lokacin da ya shiga soja. A fom ɗin da ake rubuta wanda zai karɓi haƙƙin soja in ya mutu, mijin ya sa sunan yayansa, yadda mazan gidansu suka saba, wai mace tana iya sake aure. Da aka kawo gawarsa, Gregory ya buɗe shagon kayan mota mai ƙofa biyu a Sabon Gari. Ita kuwa buhun shinkafa ta samu.

* * *

Washegari ta tarar da Kevin yana guge kakinsa. Ta tsaya a kansa.

"Kevin, sunan wa ka sa a fom ɗin magaji?"

Bai ɗago ba. "Mama, tun a wajen horo muka cike. Baba Gregory ya kira ni, ya ce ba ki san ofisoshin Abuja ba, wahalar da ke kawai za su yi."

Ta zauna a bakin gado. Ba kuɗin ne ya dame ta ba. Abin da ya tsorata ta shi ne yanzu akwai mutum a duniya da zai ci riba in ɗanta bai dawo ba. Da ta ce ya cire sunan, Kevin ya yi dariya, ya ce da ya isa zai canza.

"Haka babanka ya ce mini," in ji ta.

* * *

Gregory ya riga su zuwa tasha a Sabon Gari. Shi ya ɗauki jaka, shi ya dafa kan yaron ya yi doguwar addu'a cikin sunan Yesu, har wata mai sayar da gyaɗa ta ce amin.

Motar na fita, wani ƙaramin jirgin koyon tuƙi ya ratsa ta samansu. Gregory ya kare rana da tafin hannu, ya bi shi da kallo har ya ɓace. Martina ba ta kalli jirgin ba. Fuskar Gregory take kallo.