Kaurin Kwalin Ashana

Jar waya ce ta taso daga kan batirin aka ɗaure ta a jikin bodin motar. Injiniya ta lura da ita tun ranar Laraba, lokacin da ta ɗaga bonet tana ɗaukar hoto. Ta ce a ranta wani tsohon bakanike ne ya rasa baƙa ya sa wadda ya samu, ta wuce. A duk motar da ta taɓa leƙawa baƙa ce ke zuwa bodi, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ta goge tsatsa ta duba alamar da ke kan batirin ba.

A gida kaɗai ake kiranta Injiniya, shi ma sai in ƙwan fitila ya ƙone ko rimot ya daina aiki. Shekara biyar ta yi a jami'a tana karatun lantarki, ta fito da sakamako mai kyau da muryar da ba ta kai ƙofar ɗaki. In baƙi suka zo, gaisuwarta a ƙirjinta take ƙarewa.

Motar ta Baba ce, ta girmi Injiniya nesa ba kusa ba, shuɗiya, mai hanci kamar na kifi. Tana tashi in ta ga dama, kuma ganin damarta yana hannun wani ɗan ƙarfe da ke cikin distiributa mai rarraba wuta, wanda kanikawa ke kira kwantak: baki biyu ne da ke buɗewa suna rufewa, su ke ba fulogi wuta. Bakin yana cinyewa, tazarar tana gocewa, sai an goge an saita. Shekara da shekaru Baba ke yi da kansa. Bana hannunsa ya fara rawa. Ranar wata Asabar Umma ta same shi durƙushe a ƙasa cikin rana, ya fi awa yana laluben wani ɗan sukuru da ya kuɓuce masa. Ta shiga ɗaki ta kira mai sayen tsoffin ƙarafa, ta ce ya zo Asabar mai zuwa.

Baba bai yi musu ba, abin da ya fi damun Injiniya ke nan. Ya dai riƙa zama a kujerar roba kusa da motar da yamma, kamar mai jinya.

"Umma," ta ce, sai da ta maimaita kafin a ji ta, "akwai na'urar da ake sawa a cire kwantak ɗin gaba ɗaya. Ba gogewa, ba saiti. Murɗa makulli kawai."

"In ta tashi ranar Asabar ba tare da babanku ya sunkuya ba, ta zauna," in ji Umma. "In ba ta tashi ba, kada wanda ya yi mini kallon na kashe wani."

Injiniya ta yi abin da ta fi iyawa, wato karatu. Ta ja layi a tsakiyar takarda, kwantak a hagu, na'ura a dama. Ɓangaren dama ya cika har ya zubo bayan takarda: wuta mai ƙarfi, tashi da sanyin safiya, ba abin da ke gogar wani abu. A hagu abu ɗaya ta samu ta rubuta, cewa in ya lalace a hanya ana iya gyarawa da sukundireba, kuma ta rubuta shi da ƙananan haruffa. Ta nuna wa mai shagon kayan mota hoton distiributar, ya miƙo mata ɗan akwati, ta karɓa ta fito tana jin daɗin cewa ba a yi doguwar magana ba.

Ranar Asabar da hantsi Mai Ƙarafa ya iso, mutum ne mai faɗin kafaɗa da igiyar ja a hannu. Umma ta ba shi benci da kofin ruwa. Ya cire takalmi ɗaya, ya ɗora ƙafa a kai, ya zauna zaman wanda ya saba jiran mutane su gama bankwana.

Injiniya ta cire hular distiributa, ta kwance kwantak da kwandansa, ɗan gwangwanin da ke maƙale da shi. Sai wani abu ya shige ta wanda ba ta san tana da shi ba. Ta ɗaga ɗan ƙarfen sama, ta taka har bakin kicin, ta sake shi har da kwandansar cikin kwandon shara.

"Ka yi ritaya," ta ce wa ƙarfen.

Mai Ƙarafa ya yi dariya. Wannan ne karo na farko da wani baƙo ya yi dariyar maganarta, kuma abin ya hau mata kai. Ta ɗaura na'urar, ta ja wayoyinta biyu zuwa kwayil mai ƙara ƙarfin wuta, tana yi tana bayani da murya mai fita, har da su maganaɗisu, har da nuni da sukundireba.

"'Yar Baba," in ji Baba daga kujerarsa, "wannan motar fa wutarta ba irin ta motocin yanzu ba ce. Da kin tsaya..."

"Baba, wuta ai wuta ce. Ka huta kawai."

A tarihin gidan ba ta taɓa katse kowa ba. Umma ma sai da ta leƙo ta taga.

Ta shiga ta zauna, ta gyara mayafi, ta murɗa makulli. Injin ya juya, ya juya, bai kama ba. Ta sake murɗawa. Sai wani wari ya shigo ta tagar, warin da ta sani sarai tun daga ɗakin gwaji na shekarar farko, ranar da malami ya ɗaga allon wayoyinta da ya ƙone ya nuna wa aji yadda ba a yi.

Ta fito a hankali. Wani siririn hayaƙi na tashi daga distiributa, cikin ladabi. Ta sa gefen mayafinta ta goge kan batirin da jar wayar ke kai. Alamar tarawa ta fito ɓaro-ɓaro. Babu bakaniken da ya yi kuskure. Haka aka ƙera motar, tana cikin tsofaffin da tarawa ke zuwa bodi, na'urar kuwa an yi ta ne don masu akasin haka. Ta ɗura mata wuta a juye, ta dafa ta. An ma rubuta gargaɗin a gefen akwatin, da jan rubutu, daidai inda babban yatsanta ya rufe tun daga shago.

"Ta tashi ne, Injiniya?" Umma ta tambaya daga taga, alhali tana da kunne.

Mai Ƙarafa ya mayar da ƙafarsa cikin takalmi.

Muryar da ta aro ta koma inda ta fito. Ta juya ta nufi kwandon shara, ta durƙusa, ta fara tono: ɓawon albasa, ganyen shayi, ƙwanson ƙwai, wata leda mai danshi da ba ta so ta san tarihinta ba. Ta juye kwandon gaba ɗaya a kan siminti. Babu kwantak. Ta yi tunanin takardar shaidarta da ke rataye a falo cikin gilashi, ta gode wa Allah da takardar ba ta da ido.

"Kin gama?" in ji Baba.

Ya sa hannu a aljihu, ya fito da hankici a naɗe. Hannun na rawa, sai da ya ɗauki lokaci kafin ya warware. Kwantak ne da kwandansa, har ya goge musu ganyen shayin.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun kina lacca."

"Shi ne ka bar ni ina tono?"

"Wuta ai wuta ce," ya ce. "Na huta kawai."

Umma ta fito tsakar gida tana goge hannu. "Sharaɗina dai yana nan. Ba zai sunkuya ba."

"Ba zai sunkuya ba," in ji Injiniya, a ƙasa-ƙasa.

Ta ja kujerarsa har jikin motar. Daga nan ya riƙa faɗa, ita tana yi. Ta cire gawar na'urar. Ta goge bakunan kwantak da samfefa har suka yi haske. Ta sa wani ɗan zoben roba a inda ba nan ba, ya ce ta cire, in waya ta taɓa ƙarfe a wurin nan har gobe ba za ta tashi ba. Ɗan sukurun nan da ya wahalar da shi ya kuɓuce mata ita ma, ta cafe shi a tafin hannu kafin ya kai ƙasa, suka dubi juna. Ta juya injin da sifana kaɗan-kaɗan har bakin ya buɗe iya buɗewarsa.

"Yaya zan gane tazarar ta yi? Ina da adadin a wayata, sai dai ba ni da abin aunawa," in ji ta.

Baba ya miƙo mata kwalin ashana. "Yage murfin. Ya shiga yana ɗan ja, kada ya yi sako-sako, kada ya maƙale."

Ta dubi kwalin. Shekara biyar, da aikin bincike mai shafi tamanin. Ta yage, ta zura, ta ɗaure, tazarar ta goce. Ta kwance ta sake. A karo na huɗu ta ji abin da yake nufi, ɗan jan nan a yatsu wanda babu shi a takardarta, hagu ko dama. Ta shafa ɗigon giris inda ya nuna, ta mayar da hula.

Mai Ƙarafa ya riga ya miƙe yana warware igiya, yana duban ƙarƙashin motar inda zai ɗaura.

Ta murɗa makulli. Injin ya yi tari sau biyu, ya yi kamar zai fasa, sannan ya kama. Duk motar ta ɗauki rawa, madubi na karkarwa, baƙin hayaƙi ya bi ta kan shanyar Umma.

Umma ta zo bakin tagar motar, ba ta ko dubi shanyar ba. "Yau ta tashi. Nan da wata biyu in ta sake gocewa fa? Wa zai yi?"

"Ni."

"Me kika ce?"

"Ni, Umma."

"Ke da kwandon shara?"

"Akwai irin na'urar da ta dace da ita," in ji Baba, yana duban 'yarsa. "In kina so ki nemo. Ba zan ji haushi ba."

Ta san akwai, kuma ta san har yanzu ɓangaren dama na takardarta gaskiya ne. Ta dubi guntun kwalin da ke hannunta, ya yi baƙi da mai. Ta buɗe akwatin gaban mota ta ajiye shi, ta tarar da wasu irinsa sun fi ashirin a ciki, tsofaffi, duk an yage su iri ɗaya.

"Sai na iya wannan tukuna," ta ce.

Umma ta daɗe tana kallon Baba a kujerarsa, ya ɗora hannu a kan bodin yana sauraron injin, rawar hannun ta ɓace cikin rawar motar. Ta juya ta fara kwashe shanyarta, tana faɗin wanda ya zubar da shara a tsakar gida shi zai kwashe, ko da digiri goma gare shi.

Injiniya ta ɗauko tsintsiya. Tana sunkuye tana tara ɓawon albasa ta ga ƙafafun Mai Ƙarafa sun wuce ta gefenta. Ya naɗe igiyarsa ya rataya a kafaɗa, ya kife kofin a kan benci, ya buɗe ƙaramar ƙofar get ya fita, ya ja ta a hankali.