Manajan Gonar Kaji

A shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana bununi aka rage malaman firamare, ragin kuma ya haɗa da ni. Na dawo ƙauyenmu, gabas da Minjibir, ba albashi, rumbu ko rabi bai yi ba. Abin da ya rage mini shi ne matata Kulu, da 'ya'ya biyu, da Turancin da na koyo a kwalejin Bici, wanda nake ji da shi kamar ni na ƙirƙiro shi.

Kawuna Nababa yana sarin dusa yana kai wa wata gonar kaji a Bacirawa. Da ya gaji da ganina a gindin dalbejiya ina gyara wa mai labaran rediyo Turanci, sai ya ce in shirya ya kai ni wajen mai gonar, wani Bayarabe da ake kira Mista Adisa.

Muka same shi a bakin ƙofa. Na zuba masa Turanci mai nauyi, har da kalmomin da ni kaina ban taɓa furtawa a fili ba. Ya saurara, ya dubi takalmina, ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Things are hard. But you can come and manage."

A mota Kawu ya tambaye ni, "Muntaka, me ya ce ne?"

Na ce, "Kawu, manage ya ce. Daga nan kalmar manaja ta fito. Gudanarwa ke nan, shugabanci, riƙe ragamar wuri. Gonar zai damƙa mini."

"Daga ganinka yau?"

"Ai ya ji Turancin."

Kafin la'asar labari ya game gari. Na zauna a ƙofar masallaci ina yi wa dattawa darasi, na ce kalmar tana da 'yan'uwa, akwai control, akwai direct, akwai supervise, amma duk cikinsu manage ce babba, don ita ce ake bai wa kujera mai juyawa. Liman ya yi addu'a. Maƙwabcina Iliyasu, wanda gonarsa ta fi tawa ƙonewa, ya biyo ni har zaure ya ce in na zauna daidai kada in manta da shi. Na ce zan duba, amma ya sani ba a ɗaukar mutum a kamfani don maƙwabtaka.

Kulu ta sa aka yanka zabuwarmu ta ƙarshe. Na aro kwat a wurin tsohon hedimastanmu, hannunta ya wuce yatsuna, na ce haka manya ke sa ta.

Ranar Litinin na isa Bacirawa da sassafe, na tambayi ina ofishina. Mista Adisa ya ja ni bayan ɗakunan kaji, ya nuna mini shebur da baro da tulin kashin kaji da ya kusa kai ƙirjina. Sannan ya nuna wata rumfar kwano mai benci ɗaya, ya ce a nan zan riƙa kwana.

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai kuskure. Cewa ka yi in zo in yi manage."

Ya dube ni, ya dubi kwat ɗin, sai ya dafa bango yana dariya har da hawaye. Da ya samu numfashi ya koma Hausarsa mai tsami. "Malam, manage shi ne ka yi haƙuri da abin da yana nan. Aiki babu kyau, ka karɓa haka. Ni ma ina manage. Kaji ma suna manage, ka ga abincinsu?"

Na so in ce ba haka yake a ƙamus ba. Daga baya na duba, yana nan, a ma'ana ta uku, ƙasa kaɗan da inda na saba tsayawa da karatu. A lokacin dai na tsaya ina tuna zabuwar da muka cinye da addu'ar da Liman ya yi. Da na ji cewa bayan ɗan albashin akwai fasassun ƙwai da ake raba wa ma'aikata, sai na naɗe hannun kwat na ɗauki shebur.

Duk Juma'a nake komawa gida, bayan na yi wanka da sabulu har fatata ta yi fari. In aka tambaye ni aiki sai in ce nauyi ya yi yawa, komai na gonar ta hannuna yake fita. Wannan kam ban yi ƙarya ba. Kulu tana soya wa yara ƙwai, sai wata rana da ta shanya kwat ɗin can bayan danga ta ce, "Malam, ofishin naku yana kusa da kajin ne?"

Na ce, "Manaja na gari ba ya nisa da dukiya."

Ta ce, "Haka na ji a jikin rigar."

Ana nan, ran nan da hantsi ina tura baro cike, sai na ji sallama a bayana. Iliyasu ne, da 'yar jakarsa, ya gaji da jiran in duba. Mai gadi ya ce masa ba wani manaja a nan sai dai Malam mai kwat, ya nuno masa ni. Na tsaya riƙe da baro, ƙudaje na kewaya ni, na rasa Hausa na rasa Turanci.

Iliyasu ya dubi tulin, ya dube ni. Ina jiran dariya. Sai ya ajiye jaka ya ce, "Ranka ya daɗe, shebur ɗin ɗaya ne, ko akwai wani?"

Akwai wani. Mista Adisa ya ce shi ma ya zo ya yi manage, wannan karon kuma ban fassara wa kowa ba.

Tare muka yi rani a rumfar nan, muna karɓa-karɓar benci. Iliyasu ne ya lura cewa kashin da muke zubarwa ya fi takin zamanin da ya gagari kowa a lokacin. Ya roƙi Mista Adisa, muka riƙa cusa shi a buhunan da Kawu ya juye dusa, yana kai mana gida. Da damina ta faɗi muka koma gona, geronmu ya yi baƙi ƙirin har masu wucewa suna tsayawa kallo.

A ƙauye Iliyasu bai taɓa faɗin abin da ya gani ba. Ni na tona kaina, ranar da Liman ya tsare ni a kan in ɗauki ƙanensa aikin akawu. Aka yi dariya har Liman ya share ido da rawani. Hedimasta kuwa da na mayar masa da kwat, ya sansana, ya ce in riƙe kawai, ya ba ni duniya da lahira.