Awon Hannun Lalla Zhor

"Ki koya wa ɗalibaina naman nan naki mai zuma, in ɗauki 'yarki Ghita karatu kyauta," in ji Si Larbi, shugaban makarantar aikin otal a birnin Fas.

Lalla Zhor mai girkin biki ta yi dariya. "Ni da hannu nake awo, ba da biro ba."

"Ai hannun muke so, Lalla."

Ta yarda. Duk abin da ta ɗebo, sai ɗaliban su tara sikeli su auna su rubuta, ita kuwa tana jin daɗi.

Ghita na gama karatu wani otal a Dubai ya ɗauke ta. Ɗaliban kuma suka karɓe bukukuwan Fas da girkin uwarta.

Si Larbi ya ci riba, Ghita ma ba laifi. Lalla Zhor ce ta tashi ba 'ya a gida, ba mai kiranta biki.