Shekarar da Sarfaraz Bai Gudu Ba

Shekara goma sha huɗu Sarfaraz yana kula da lambun wani gida a Islamabad, amma bai taɓa ganinsa a watan Maris ba. Da zarar wasu itatuwa na birnin da ake kira tut sun fara sakin garin furensu, hancinsa ya toshe ke nan, idanu su yi jawur, atishawa ba ƙaƙƙautawa. Sai ya ɗaure kayansa ya hau mota zuwa ƙauyensu a Cakwal, wardin da ya dasa ya yi fure a bayan idonsa.

Akwai magani, wata 'yar kwalba da ake fesawa a hanci, sai dai ba a sayarwa sai da takardar likita. Sau biyu ya wuni a layin asibiti ba a zo kansa ba, ya haƙura.

Bana ya shiga kemis sayen man ciwon gwiwa na matarsa Zaitun.

"Baba, yaushe ne hijirar?" in ji Nadim mai kemis, yana dariya.

"Jibi, in Allah ya kai mu."

"To, kwance kayanka. Yanzu feshin nan ba ruwansa da takarda. Kullum da safe za ka fesa. Kada ka gwada yau ka zo gobe kana zagina, sai ya kwana biyu."

Da Zaitun ta ga kwalbar sai ta riƙe haɓa. "Wato bana ba ni da hutu ke nan? Ni da na saba da wata guda ba minshari!"

Kwana huɗu ba wani canji. A na biyar, da hantsi, yana ban ruwa, sai ya ji wani abu ya buɗe can tsakanin idanunsa. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne ya fara shigowa, na furen lemo ya biyo baya, sannan wardi, mai nauyi, a hankali. Ya zauna a kan ciyawa bai sani ba. Duwatsun Margalla da ke bayan birnin kamar suna shawagi cikin hazo. Ya ga marigayiya mahaifiyarsa tana shanya furanni a kan gadon igiya, mayafinta na kaɗawa, har yana jin ƙarar awarwaronta.

"Sarfaraz, lafiya? Ruwa zai cinye mana gida."

Begum Shirin ce, dattijuwa mai gidan, dogare da sanda.

"Hajiya, dama kowace shekara haka lambun nan yake yi?"

Ta dubi lambun, ta dube shi. "Kowace shekara. Baƙi su yi ta tambayar wa ya dasa, in ce ya tafi ƙauye."

Ta sa aka kawo musu shayi a nan.

Ran Juma'a ya zo da Zaitun. Ta tsaya a bakin ƙofar lambun, sannan ta cire takalmanta ta taka ciyawar.