Gidan da Za a Ajiye Muryar Rediyo

Shekara arba'in da ɗaya tana roƙon mijinta ya yi shiru ko na minti biyar ne. Yanzu likita ya sa rana: Alhamis da safe za a cire masa maƙogwaro saboda ciwon daji. Zai rayu in da sauran kwana, amma murya ta tafi ke nan. Wannan kuwa mutum ne da maƙwabta suka laƙaba wa Rediyo, don in ya fita sayen ashana sai an je an janyo shi daga bakin wani.

Shi kuma Akawu yake kiranta, saboda shekara talatin ta yi tana buga takardu a kotu.

Mako uku ke nan 'yarsu, wadda take zaune tare da su, tana ajiye masa kwamfutarta a kan teburin cin abinci, shi kuma yana zuba, kwamfutar tana naɗar muryarsa. Muryar ta dushe, tana fita kamar ana jan kujera a kan siminti, amma bai fasa ba. Labarin yarintarsa, labarin jirgin ƙasan da ya tuƙa, waƙar da yake yi wa 'yar in tana kuka. Awa goma sha ɗaya. Akawu ta saurare su duka, ta buga jerin abin da ke ciki a takarda biyu.

Ranar Litinin kwamfutar ta yi zafi ta ɗauke ana tsakiyar magana. Ta dawo bayan an ɗora ta kusa da fanka, amma Akawu ta tuna muryar nan a cikinta kaɗai take ajiye.

"Kwantar da hankalinki, Akawu," in ji Rediyo. "In ta ɓata, kin huta sau biyu."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki kwamfutar ta fita.

Shagon mai gyaran kwamfuta ƙarami ne, yana warin dalma da ƙonanniyar roba. A ƙarƙashin teburinsa akwai kwali cike da ƙananan akwatuna baƙaƙe, kowanne da takarda manne a jiki.

"Faifan ajiya nake so," ta ce. "Wanda ba ya mutuwa."

"Mama, in kin samo shi ki sayo mini ɗaya." Ya tura kwalin da ƙafa. "Duk waɗannan an rantse wa masu su ba sa mutuwa. Wannan hotunan biki ne. Wannan karatun wani ne na shekara huɗu."

"To ba ni mafi girma."

"Girman ba shi ne ba. Akwai na jabu, a rubuce zai ɗauke duniya, amma yana cika sai ya riƙa taka na farko yana rubuta sabo a kai, ba ki sani ba. Abin naki nawa ne?"

Ta faɗa masa, har da muryar wa ce da abin da za a yi ranar Alhamis. Ya cire tabarau, ya daina wasa.

Ya ɗauko guda biyu a rufe cikin ledarsu, da takardar garanti, na kamfani daban-daban. Ya ce 'yan biyu da aka ƙera rana ɗaya sukan mutu mako ɗaya. Ɗayan yana da faifai mai juyawa a ciki, faɗuwa ɗaya ta ishe shi. Ɗayan ba ya tsoron faɗuwa, amma in aka bar shi shekaru ba wuta sai ya fara mantuwa. Ya kwafe muryar a kowanne, ya buɗe farko da tsakiya da ƙarshe ya tabbatar. Shagon ya cika da Rediyo yana kwaikwayon kukan jirgi.

"Kar ki naɗe su a ƙasan akwati kamar kayan gado. Duk wata uku a jona, a saurara. Kuma ɗaya ya kwana a wani gida."

"Maƙwabciyata tana nan."

"Gini ɗaya? Wutar da ta ci naku za ta ci nata."

Ba ta yi musu ba. A kotu ma kwafi uku suke bugawa, na ukun a kai wani gini. Ta tsaya a bakin titi da jakarta tana lissafa gidaje. 'Yan'uwanta sun ƙare. Ƙawayenta biyu, ɗaya ta rasu, ɗaya ba ta gane 'ya'yanta ma. Gida ɗaya ya rage, na yayan Rediyo, tsohon mai gyaran agogo, wanda rabonsa da magana da ƙanensa shekara goma sha huɗu.

Ana cewa ɗan'uwa rabin jiki. Wanda ya faɗi haka bai zauna a kotu ya ga rabin jiki yana kai ƙarar rabin jiki ba. Rigimar tasu ma ba ta kai kotu ba. Ranar da mahaifiyarsu ta rasu Yaya yana hanya. Rediyo, da bakin nan nasa, ya gaya wa masu gaisuwa cewa ta yi ta kiran yayan har ta cika, bai zo ba. Gaskiya ce. Shi ya sa raunin bai warke ba.

Hawa uku ta taka tana hutawa. Yaya ya buɗe ƙofa, ya dube ta, ya dubi bayanta.

"Ni kaɗai ce, Yaya."

"Shi ya aiko ki?"

"Bai san na zo ba."

Ɗakin cike yake da agogon da ba wanda ya dawo karɓa, kowanne da lokacinsa. Ta zauna, ta faɗi abin da likita ya ce, ta ajiye faifan a kan tebur, ta gaya masa abin da ke ciki. Ta ce ba sulhu ta zo nema ba, wurin ajiya take nema, busasshe, inda ba zai faɗi ba.

Ya juya shi a hannu kamar yana neman inda ake buɗewa. "Awa goma sha ɗaya. Ashe ya rage surutu." Ya ajiye faifan. "Ya ambace ni?"

Takardar jerin tana cikin jakarta. Shekara talatin ba ta taɓa buga abin da ba a faɗa ba.

"Bai kira sunanka ba. Amma bari in gwada faifan, an ce a riƙa gwadawa."

Ta jona shi da kwamfutar, ta buɗe labari na uku. Muryar ta fito, a dushe, da dariya a ƙarƙashinta: "Ni da wani muka saci keken mai wasiƙa, ni ke tuƙi, muka gangara tudun bayan makaranta ba birki. Ni da wani muka kwana biyu ba ma iya zama." Ta tsallake gaba. Ni da wani a bakin rafi. Ni da wani muka ɗauki gawar Baba. Rabin labaran haka suke.

Yaya ya zauna a hankali, ya dafa gwiwa.

"Ni na tuƙa," ya ce. "Shi yana baya yana ihu. Ko a nan sai da ya yi ƙarya."

Ya jawo aljihun tebur, ya kwashe ƙananan sukurori da madubin ido, ya shimfiɗa ƙyallen da yake goge agogo da shi, ya kwantar da faifan a kai.

"Ba ni da abin jona shi."

"Zan riƙa zuwa da kwamfutar nan duk wata uku. Aikin kuma Alhamis ne, ƙarfe bakwai. Yau da gobe da jibi yana iya magana."

"Na ji."

Ta jira ko zai ƙara wani abu. Ya rufe aljihun ya murɗa makulli.

Talata ta wuce, Laraba ta wuce. Duk ƙwanƙwasar ƙofa sai ta miƙe kafin 'yar ta miƙe. Rediyo ya ƙarar da Larabar yana tsokanar mai kawo ruwa, ya yi wa 'yar waƙar nan har ta gudu ɗaki. Da safen Alhamis, a kan gadon da ake turawa, ya ce, "Akawu, ki rubuta: mai ƙara ya rufe bakinsa." Ita ce maganarsa ta ƙarshe.

Yaya ya zo ranar Asabar, da rigarsa a goge. Ya tsaya a ƙofar ɗakin asibitin har sai da ma'aikaciyar jinya ta ce ya ba ta hanya. Rediyo ya gan shi. Ya yunƙura, ya buɗe baki, leɓɓansa suka yi ta motsi da sauri, ba abin da ya fito sai iska ta bututun wuyansa.

Yaya ya juyo wajen Akawu. "Me ya ce?"

"Ban sani ba, Yaya," ta ce, ta jawo masa kujera.