Tuwon Rogon Nyanjige

Tsutsar tafki ta cinye hantar Masalu tun yana jan koma a tsibirin Ukerewe, har jijiyoyin hanyar abincinsa suka kumbura. A wani asibiti a birnin Mwanza aka ɗaure su da 'yan zobban roba, aka sallame shi, aka ce kunu kawai, mai sanyi. Yayarsa Nyanjige ta ɗauki wannan a matsayin zagi. Namiji da kunu? Ta tuƙa tuwon rogo, ta soya ƙananan kifi rau, ta tsare shi ya ci. Kafin la'asar ya yi aman jini ya cika kwano.

Ga shi an dawo da shi asibiti, ana ɗiga masa maganin matse jijiya ta ƙarin ruwa. Nas ta ja wa matarsa Kabula kunne: kada komai ya wuce maƙogwaronsa, domin in gyambon wurin ɗaurin ya sake ɓallewa, maganin ba zai riƙe ba.

Da azahar Nyanjige ta shigo da kula.

"Matsa, zan ba ɗan'uwana abinci."

"Yaya, wancan abincin naki ne ya kawo mu nan."

"Robar da kika sa aka cusa masa dai. Ubanmu ya ci tuwo har ya mutu."

"Da me ya mutu?"

Nyanjige ta yi tsaki. Da aman jini ya mutu, duk tsibirin an sani.

Ta buɗe kular. Ƙamshi ya tashe Masalu, ya miƙo hannun da allura ke ciki. "Kabula, loma ɗaya."

"Kin ji ko? Mayya, yunwa za ta kashe shi ki gaji kwalekwalensa!" in ji Nyanjige.

A gidan su Masalu, mayar wa babbar yaya abinci daidai yake da marinta. Kabula ba ta mayar ba. Ta wanke hannu, ta zauna a bakin gadon, ta ɗora kular a cinya, ta hau ci. Ba ta jin yunwa. Ta ci tuwon, ta tauna kifin har kawuna, miji na zaginta ƙasa-ƙasa, ta suɗe, ta miƙa kular.

"An gode, Yaya. Gishiri ya ɗan yi yawa."

Jinin ya tsaya a kwana na uku. Masalu ya koma gida, kuma har yau yana gaya wa masunta yadda matarsa ta cinye masa abinci yana kwance.